Na'urar Auna Iskar Aji: Abin da Ta Nuna Mana Bayan An Sake Buɗe Makaranta

Lokacin da aka ɗora mini alhakin tsara yadda za mu koma aji bayan dogon rufewar da annobar korona ta jawo, jerin kayan da aka miƙo mini bai bambanta da na sauran makarantu ba: bokitan wanke hannu, sabulu, man tsaftace hannu, takunkumi, da ma'aunin zafin jiki da ake saita wa yaro a goshi a bakin ƙofa. Na'urar auna iskar kabon-dayoksaid, wadda ake rubutawa CO2, ba ta cikin jerin. Daga baya ta zo, bayan doguwar muhawara a ɗakin malamai, kuma cikin duk abin da muka saya ita kaɗai ce har yanzu nake ɗauka a hannu ina shiga da ita aji. Na yi zango uku cur ina aiki da ita kafin in ga na cancanci faɗin ra'ayina a kanta.

Rashinta a jerin farko ba sakacin kowa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris, 2020, kuma cikin 'yan makonni ƙididdigar UNESCO ta nuna cewa ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190 suna zaune a gida. A ƙarshen Afrilun shekarar ne UNESCO da UNICEF da Bankin Duniya da Hukumar Samar da Abinci ta Duniya suka fitar da tsarin da za a bi wajen sake buɗe makarantu, a lokacin da hankalin kowa yake kan hannu da tebur da mariƙin ƙofa. Sai a watan Yulin 2020 masana kimiyya 239, bisa jagorancin Lidia Morawska da Donald Milton, suka rubuta wa Hukumar Lafiya buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cewa ƙwayar cutar tana yawo cikin ƙananan ɗigo masu shawagi a iska, waɗanda kan taru a rufaffen ɗaki kamar yadda hayaƙi ke taruwa, kuma sai a shekarar 2021 hukumar ta fito ƙarara ta gyara bayaninta. Daga nan maganar taga ta sha gaban maganar goge tebur, sai dai ta zo da tambayar da babu malamin da zai iya amsawa da ido ko da hanci: iska nawa ce ta isa?

Wannan tambayar ce na'urar take ƙoƙarin amsawa. Ba ta gano ƙwayar cuta, kuma duk mai sayarwa da ya ce maka tana ganowa, ka bar masa kayansa. Abin da take aunawa shi ne yawan CO2 a cikin iska, da ma'aunin da ake kira ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan. Iskar waje tana ɗauke da kimanin 420, numfashin da mutum ke fitarwa kuwa yana kai wajen 40,000. Saboda haka duk abin da ya hau kan 420 a cikin aji, muddin ba a ƙona komai a ɗakin ba, daga huhun waɗanda ke ciki ya fito. Lissafin da masana Rudnick da Milton suka wallafa a 2003 ya sauƙaƙa fahimtar lambar: idan na'urar ta nuna 800, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da kake shaƙa ya riga ya ratsa ƙirjin wani, idan ta nuna 1,500, ya kusa kashi uku, idan ta kai wajen 2,300, kwatankwacin numfashi ɗaya ke nan cikin kowane ashirin. Ranar da na yi wannan lissafi a kan allo, ɗaliban da suka saba rige-rigen rufe taga suka yi tsit. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, domin tun a 1858 Bajamushen masanin tsafta Max von Pettenkofer ya ba da shawarar kada iskar ɗaki ta wuce 1,000, kuma har yau na'urori da yawa da wannan lamba suke raba launin kore, alamar iska mai kyau, da rawaya, alamar gargaɗi.

Ba zan kama sunan kamfani ba, domin masu ƙera irinta suna da yawa, kuma abin da ke cikinta ya fi abin da aka rubuta a kwalinta muhimmanci. Tamu ba ta fi tafin hannu girma ba, tana aiki da ƙananan batura guda biyu, fuskarta tana nuna lambar CO2 da manyan haruffa, a gefe kuma zafin ɗaki da danshinsa. Akwai launuka uku a ƙasan lambar, kore da rawaya da ja, da ƙararrawa da ake iya kunnawa ko kashewa, sannan tana haɗuwa da waya ta Bluetooth domin a sauke abin da ta tara. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne haruffa huɗu da ke jikin takardarta, NDIR. Wannan nau'in yana harba hasken infirared, wanda ido ba ya gani, ta cikin ɗan ƙaramin bututu. Iskar CO2 tana shanye wannan haske a wani tsayin igiyar haske na musamman, wajen maikuromita 4.3 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), sai na'urar ta auna yawan hasken da ya ɓace ta fitar da lamba. Awo ne na gaskiya, ba kirdado ba.

Na tsaya a kan wannan ne saboda kafin mu same ta an kawo mana wata mai araha, mai kyan gani da fitilu masu launi, wadda aka rubuta eCO2 a jikinta. Wannan ƙaramin harafi na farko shi ne tarkon. Irin waɗannan ba CO2 suke aunawa ba, tururin wasu sinadarai suke shinshinawa, sannan su ƙiyasta lamba daga gare shi. A makarantar da kowane yaro ke shafa man tsaftace hannu mai ɗauke da sinadarin alkohol a bakin ƙofa, kowa zai iya hango abin da zai faru: da zarar an murza hannu kusa da ita sai ta yi ja ta fara kuwwa, alhali ajin babu kowa sai mutum biyu, sannan ta zauna lafiya lau a kan kore a ɗakin da ya cika maƙil. Gwajin rarrabe su ba shi da wuya. Ka fitar da na'urar waje, nesa da mutane da hayaƙin mota, ka bar ta minti goma. Ya kamata ta tsaya a ɗan sama da 400. Ka dawo da ita ka kusanto mata da man hannu, ta gaske ba za ta damu ba. Sannan ka hura mata numfashi sau ɗaya, za ka ga lambar ta yi tsalle zuwa dubbai, ta kuma sauko a hankali.

Makon farko na yi shi ne ina zagayawa da ita daga aji zuwa aji, kuma a nan ne ta fara kunyata ni. Ajin da nake ganin ya fi kowanne haɗari, wani tsohon ɗaki mai dogon rufi da tagogi a bango biyu masu fuskantar juna, wanda ma gilashin wasu tagoginsa ya daɗe da fashewa, da ƙyar lambarsa take barin kore ko da ya cika. Ɗakin kwamfuta kuwa, wanda muke taƙama da shi saboda sabon silin da na'urar sanyaya ɗaki, yakan haye 1,500 tun darasi bai kai rabi ba, ya kuma ci gaba da hawa har a tashi. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya tsaya ya yi tunani, amma sai da lamba ta tilasta mana muka yi tunanin: na'urar sanyi ta jikin bango iskar ɗakin take zuƙa ta sanyaya ta mayar, ba ta shigo da sabuwa daga waje, kuma domin ta yi aiki ake rufe kowace kafa. Sanyin da ke sa mutum jin kamar iska mai kyau yake shaƙa shi ne yake ruɗinsa. Haka fanka take. Tana juya iska ta rage zafi a jiki, amma idan tagogi a rufe suke, numfashin jama'a kawai take rarrabawa daidai wa daida. Ɗaki na biyu da ya fi muni shi ne namu na malamai a lokacin hutu, inda kowa ke cire takunkumi ana hira da ƙarfi, kuma sai da na ajiye na'urar a tsakiyar tebur na kwana uku kafin abokan aikina su daina cewa na matsa musu.

Amfaninta mafi girma, a ganina, ba a fannin kimiyya yake ba, a fannin raba gardama yake. Kafin zuwanta, buɗe taga magana ce ta ra'ayi: wannan malami yana jin sanyi, wancan yana ƙorafin ƙura ko hayaniyar titi, yaran da ke zaune kusa da taga suna rufewa da zarar an juya baya, shugaban makaranta kuma ba shi da hujjar da zai goyi bayan kowa. Da lamba ta bayyana a gaban kowa, sai gardamar ta koma gwaji. Muka gano cewa buɗe taga ɗaya gaba ɗaya bai kai buɗe taga da ƙofa kaɗan-kaɗan a ɓangarori biyu ba, domin iska tana bukatar mashiga da mafita. Muka gano cewa ƙananan tagogin sama, waɗanda aka manta da su har fenti ya liƙe su, suna fitar da iska mai ɗumi ba tare da sun busa wa kowa takarda ba. Muka kuma jarraba shawarar da hukumar kula da muhalli ta Jamus ta bai wa makarantu a 2020, cewa a lokacin sanyi a buɗe tagogi gaba ɗaya na minti 3 zuwa 5 bayan kowane minti 20, maimakon a bar su a ɗan buɗe yini guda. A jadawalin da manhajar na'urar ta zana a waya, abin ya fito kamar haƙoran zarto, lamba ta hau, ta faɗi, ta sake hawa, kuma ɗakin bai huce yadda masu jin sanyi suke tsoro ba, saboda bango da kujeru suna riƙe ɗumi fiye da iska.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A watan Agustan 2021 ma'aikatar ilimi ta Ingila ta sanar da cewa za ta raba wa makarantu irin waɗannan na'urori kusan 300,000, tare da jagora mai sauƙi: ƙasa da 800 alama ce ta iska tana zagayawa yadda ya kamata, lambar da ta daɗe a sama da 1,500 kuma alama ce ta a tashi a yi gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagoranta na 2021 kan samar da iska a gine-gine, ta sa ma'aunin lita 10 ta iskar waje a kowace daƙiƙa ga kowane mutum a wuraren taruwar jama'a irin makarantu, wanda idan aka juya shi zuwa harshen na'urar yana faɗawa tsakanin 800 da 1,000 a ɗakin manya. Na kawo waɗannan ne domin tamu ta zo daga kamfani da korenta ya kai har 1,000, kuma sai da na shiga manhaja na sauko da iyakar. Wanda bai san ana iya yin haka ba zai zauna da launin da kamfani ya zaɓar masa.

Aibunta na farko shi ne takardar bayanin da ke cikin kwalin. Ta yi dogon bayani kan yadda ake saka batir, amma ba ta ce komai ba kan abin da ya fi muhimmanci, wato inda za a ajiye na'urar. Idan ka ɗora ta a kan taga, iskar waje za ta auna ta ba ka labari mai daɗi. Idan ka ajiye ta a teburin malami, daf da bakin mai magana, za ta yi ta firgita ka ba gaira ba dalili. Wurin da ya dace shi ne daidai tsayin kan ɗalibi a zaune, nesa da taga da ƙofa, da tazarar aƙalla rabin mita daga kowa. Na biyu, ƙararrawar ba ta dace da aji ba. Kwana biyu kawai ta yi a kunne kafin yara su gane cewa numfashi ɗaya da aka hura mata a ɓoye ya isa ya katse darasin lissafi, don haka muka kashe ta, muka ɗora wa monita aikin leƙa lambar sau biyu a kowane darasi. Na uku, akwai ciniki tsakanin saurin awo da ƙarkon batir. Idan aka saita ta tana aunawa kowane minti goma, batir yakan daɗe ƙwarai, amma sai an yi dogon jira kafin a ga tasirin buɗe taga. A kan minti ɗaya ta fi amfani wajen koyarwa, batir kuma ya fi saurin ƙarewa. Sauke bayanai ma aiki ne, domin Bluetooth ba ya nisa, dole mutum ya je kusa da kowace na'ura da wayarsa.

Akwai wani aibi da ya fi waɗannan ɓoyuwa, kuma shi ne ya kusa sa ni yanke hukuncin kuskure. Yawancin na'urorin NDIR suna gyara kansu da kansu: sukan ɗauki lamba mafi ƙanƙanta da suka gani cikin kwanaki, su ɗauka cewa ita ce iskar waje, su daidaita sauran awonsu a kanta. A aji wannan ba matsala ba ne, tun da ɗakin yana kwana babu kowa. Amma da na bar ta makonni a wani ɗaki da kusan kullum akwai mutane a ciki kuma ba a cika buɗe shi ba, sai lambobin suka riƙa yin kyau a hankali ba tare da an canja komai ba. Da na fitar da ita waje ta nuna ƙasa da 400, abin da ba zai yiwu ba, sai na gane cewa ta ɗauki gurɓatacciyar iska a matsayin mizani. Maganin shi ne a riƙa fitar da ita waje lokaci-lokaci, a daidaita ta da hannu, amma wannan ma ba daga takardar na koya ba.

Sai kuma abin da ba laifinta ba ne, amma wanda ya saye ta zai iya ɗora mata nauyin da ba nata ba. Kore ba ya nufin babu haɗari. Yaron da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da mai tari yana shaƙar numfashinsa kai tsaye kafin ya gauraya da iskar ɗaki, kuma na'urar da ke can gefe ba ta san da haka ba. Ƙananan yara ba sa fitar da CO2 kamar manya, saboda haka ajin 'yan firamare zai iya nuna lamba mai kyau alhali iskar da ke shigowa ba ta kai ba. Waƙa da ihu da karatu da babbar murya suna ƙara yawan ɗigon da ke fita daga baki fiye da yadda suke ƙara CO2. A ɗaya ɓangaren, ja ma ba koyaushe yake nufin abin da ake zato ba: na'urar tace iska mai matatar HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da girmanta ya kai maikuromita 0.3, tana rage ɗigon da ke ɗauke da cuta amma ba ta taɓa CO2 ko kaɗan, don haka ɗakin da aka sa ta zai iya zama ja a fuskar na'urar alhali haɗarinsa ya ragu. Duk da waɗannan iyakoki, ta fi ma'aunin goshi da muke tare yara da shi kowace safiya faɗin gaskiya, domin yara da yawa da suka kamu da korona ba sa zazzaɓi, wanda ya taho cikin rana kuma goshinsa kan yi zafi ba tare da yana ciwo ba. Ma'aunin goshi ya fi kwantar wa iyaye hankali, amma ban taɓa ganin ya canja yadda muke tafiyar da aji ba.

Inda na'urar ta fi ba ni wahala shi ne ajujuwa biyu da muka buɗe musu kowace taga da ƙofa, muka sa fanka tana fuskantar waje, amma lambar ta ƙi sauka. A nan ba sauran dabara. Ɗakin ya yi wa yawan yaran kaɗan, ko kuma an gina shi da tagogi a bango ɗaya kawai, kuma ba malamin aji ne zai warware wannan ba. Na sauke jadawalin mako biyu na kai wa hukumar makaranta, wadda ta daɗe tana jin ƙorafin cunkoso da baki ba ta motsa ba; gani ya kori ji. Aka raba ɗaya ajin gida biyu, aka fasa bangon ɗayan aka yi masa tagogin sama. Makarantar da ba ta shirya jin irin wannan amsa ba, gara kada ta sayi na'urar, domin lamba ja da ake kallo kullum ba a yin komai tana koya wa yara da malamai su daina kula da ita.

Ga wanda ya tambaye ni ko ya saya, amsata ita ce ya saya, amma ba sai ɗaya a kowane aji ba. Guda ɗaya mai NDIR da za a riƙa zagayawa da ita tsakanin ajujuwa huɗu ko biyar, kowanne ya samu cikakken yini biyu ko uku, ta isa ta nuna ɗakunan da ke da matsala, sannan a bar ta dindindin a mafi muni. A sake zagayen duk lokacin da yanayi ya sauya, domin ɗakin da ke shan iska lokacin da ake barin tagogi a buɗe saboda zafi shi ne zai toshe idan sanyi ko ruwan sama ya sa an rufe su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023, bokitan bakin ƙofa sun koma wajen masu shara, ma'aunin goshi yana cikin durowa batirinsa ya mutu. Na'urar iska kuwa ban ajiye ta ba, tun da ƙyanda da tarin fuka da mura duk ta iska suke bi, kuma na lura cewa darasin ƙarshe na yini, wanda muke zargin yara da lalaci saboda gyangyaɗi, shi ne lokacin da lambar ta fi hawa. A wannan zangon tana rataye a ɗakin kwamfuta, inda muka amince a riƙa kashe na'urar sanyi a buɗe ƙofa da taga na minti biyar tsakanin kowane darasi da mai bi masa.